Babi na Bakwai: Sarƙar Taimin

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gareji a Yelwa ko a Wara ana lissafin kuɗin ɗaura inji ya san yadda lissafin ke tafiya. Fistin da ringi ne a gaba, sai metal, sai kuɗin bora, sai na aske tof, sai gaskit, sai ladan bakanike. Sarƙar taimin a ƙarshe take zuwa, lokacin da aljihun mai mota ya riga ya yi sanyi. A nan ne za ka ji direba ya ce, "Maigida, tsohuwar ba za ta ƙara yi ba?" Bakanike ya ɗaga ta, ya girgiza, ya ce za ta yi. Ko kuma a tura yaro shago a ce ya kawo mai sauƙin kuɗi.

Abin yana damuna, domin a yankin nan inji ba na ado ba ne. Ba mu da filin tseren motoci a Ngaski ko Shanga, amma muna da mutanen da ke neman ƙarfi a wurin inji fiye da yadda kamfani ya tsara masa. Akwai mai Hiace da ke loda buhunan albasar Yauri har sama ya kama hanyar Kontagora. Akwai mai a-kori-kura da ke ɗaukar busasshen kifi da shinkafa daga bakin tafkin Kainji ya nufi Koko da Jega. Akwai ɗan acaɓa da ke ɗora mutum biyu da buhu a kan Boxer ya ratsa yashi daga Libata zuwa Wara. Waɗannan su ne masu cewa a faɗaɗa musu silinda, a aske musu tof, a sa musu abin da zai sa mota ta ja. Injin da aka yi wa haka ya tashi daga yadda ya fito daga kamfani, kuma sarƙar da za ta riƙe shi tana bukatar a zauna a yi tunani a kanta.

Inji mai bugu huɗu yana da sanda biyu da dole su yi tafiya tare. Karanshaf a ƙasa, shi fistin ke juyawa. Kamshaf kuma shi ke buɗe bawul ya rufe. Duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf juyi ɗaya yake yi, shi ya sa faifan haƙoran da ke kansa ya ninka na ƙasa yawan haƙora. Sarƙar taimin ce ke ɗaure su. A yawancin injinan zamani, wurin da bawul ke saukowa idan ya buɗe shi ne wurin da kan fistin ke isowa idan ya hau, lokaci ne kawai ya raba su. Kamar mata biyu ne ke lugude a turmi ɗaya: muddin kowace ta san lokacin sauke taɓaryarta, daka na tafiya, ranar da ɗaya ta yi jinkiri kuwa taɓare za su haɗu. Idan injin na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau 25 a daƙiƙa guda. Sarƙa ta tsallake haƙora kaɗan a wannan gudun, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi, aikin da aka kashe wa kuɗi ya koma ƙasa.

Ba kowane inji ne ke da sarƙar taimin ba, kuma ya kamata a faɗi wannan a gaɓar ruwa inda makanikai da yawa suka koyi aiki a kan injin jirgi. Yamaha Enduro da ke tura manyan jiragen katako tsakanin Wara da Malale, ko tsakanin Zamare da Rofia, mai bugu biyu ne, ba shi da bawul irin na mota balle sarƙa. Haka tsohuwar Jincheng mai shan mai gauraye. Golf 3 mai injin 1.8 bel gare ta, haka Hiace mai injin dizal 5L. Babura masu injin CG kuwa, kamshaf ɗinsu a ƙasa yake, giya ke juya shi. Wannan ma da dalili. Honda ta fito da CG125 a 1975 bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda ake loda wa babur kaya, ana kuma barin baƙin mai ya daɗe ba a juye ba, har kamshaf ɗin sama ya lalace. Sai suka ƙera injin da zai jure wannan rayuwa. Masu sarƙa su ne Boxer, da ƙananan babura irin roba-roba, da Keke mai bugu huɗu, da Peugeot 504, da injinan Toyota na fetur irin 3Y, 22R, 1RZ, 3RZ da 2TR, da Corolla mai 1ZZ, da Honda Accord mai K24.

Sarƙar iri biyu ce a taƙaice. Akwai mai rola, wadda ta yi kama da ta keke, kowace gaɓa da ɗan bututu mai juyawa da ke hawa kan haƙori. Hans Renold, ɗan Suwizalan da ya kafa masana'antarsa a Manchester ta Ingila, shi ya fito da irinta a 1880. Akwai kuma mai haƙora, wadda aka jera siraran faranti aka haɗa su, ba ta da ƙara sosai, ita ce a cikin K24 da babura da dama. Mai rola tana zuwa layi ɗaya ko layi biyu. Ba a musanya su yadda aka ga dama, domin kowace da faifan haƙoranta da faɗin hanyarta a cikin murfi. Tazarar da ke tsakanin fil da fil ma ta bambanta: ƙaramar sarƙar babur mai lamba 25H milimita 6.35 ce, ta tsofaffin motoci da yawa milimita 9.525, ta wasu sababbi milimita 8.

Tsofaffin direbobinmu sun yarda da layi biyu, kuma ba su yi laifi ba. Sun girma da 504, motar da ta fito a Faransa a 1968, shekarar da aka kammala madatsar Kainji, wadda kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya yi ta harhaɗawa shekara da shekaru bayan ya fara aiki a 1975. Sarƙarta gajeriya ce, layi biyu, kamshaf na gefen bulok kusa da karanshaf, kuma ta kan daɗe har mai mota ya manta da ita. Tarihin wasu kamfanonin ma ya goyi bayansu. Toyota ta fara 22R da layi biyu, a 1983 ta koma layi ɗaya da damfa ta roba, wato madogarar da sarƙar ke bi ta kanta. Idan sarƙar ta saki, sai ta yi ta dukan damfar har ta karye, daga nan ta shiga cin murfin alminiyam, wani lokaci har ta huda hanyar ruwa, ruwan lagireto ya gauraya da baƙin mai. Shi ya sa har yau masu ƙara wa wannan inji ƙarfi ke neman damfa mai bayan ƙarfe ko su mayar da shi layi biyu. Mercedes ma ta sa layi ɗaya a 380SL da ta sayar a Amurka daga 1981 zuwa 1983, a 1984 ta dawo layi biyu.

Duk da haka ba na son mai karatu ya ɗauka kauri shi ne inganci. Layi biyu ya fi nauyi, ya fi cin wuri, kuma a kan injin da aka tsara da layi ɗaya, sai an canja faifan sama da na ƙasa da damfa da ajasta mai tsuke sarƙar, wani lokaci har da murfi da famfon mai. Injinan 2TR da 1ZZ da siririyar sarƙa suka zo, suna kuma yin tafiyar ɗaruruwan dubban kilomita da ita idan ana kula da mai. Siririyar sarƙa ta ƙarfe mai kyau ta fi mai layi biyu da aka yi da ƙarfen banza nesa ba kusa ba. Tambayar da ta kamata ita ce, me aka canja a injin da zai ƙara wa sarƙar nauyi? Faɗaɗa silinda kaɗai ba ya ƙara mata wani aiki mai yawa. Abin da ke wahalar da ita shi ne kamshaf mai dogon tozo, da sifirin ɗin bawul masu tauri, da yawan kai inji ƙarshen juyinsa. Wanda bai taɓa waɗannan ba, sarƙa irin ta kamfani mai kyau ta ishe shi. Wanda ya taɓa su, shi ne zai nemi mai ƙarfi.

Inda aka fi yin ɓarna a garejojinmu shi ne wajen aske tof. Mota ta yi zafi, tof ya lanƙwashe, a kai wa masu injin yanka su share fuskarsa. Wasu ma da gangan suke sa a aske don matsin silinda ya ƙaru. A 504 ko 3Y wannan bai shafi sarƙa ba, tun da kamshaf na cikin bulok. Amma a 22R, ko 1RZ, ko Boxer, kamshaf a kan tof yake zaune. Duk abin da aka cire daga fuskar tof, kamshaf ya matso kusa da karanshaf da wannan gwargwadon. Sarƙar ba ta rage tsawo ba, don haka rarar za ta koma ɓangaren ajasta, kamshaf kuma ya ɗan juya baya, bawul su riƙa buɗewa da rufewa a makare.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗauki faifai mai haƙora 36 da sarƙa mai tazarar milimita 9.525. Kewayensa ya kai kusan milimita 343, wato kowane digiri ɗaya na kamshaf kusan milimita ɗaya ne na sarƙa. An aske milimita ɗaya, kamshaf ya makara da kusan digiri ɗaya, wanda a karanshaf digiri biyu ne. Tof ɗin da ya sha aski sau biyu ko uku, ga bulok ma an share, ga tsohuwar sarƙa da ta saki, sai ka tarar makarar ta taru ta yi yawa. Kamshaf da ya makara yana rage ƙarfin ja a ƙaramin juyi, wanda shi ne ainihin abin da mai lodin albasa ke bukata wajen tashi daga tasha da hawan tudu. Mutum ya kashe kuɗi don mota ta ja, ya karɓo ta tana kasala tana shan mai, shi kuwa mai tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda yake.

Wasu makanikai sun lura da haka, sai su ce a tsallaka haƙori ɗaya gaba. A faifai mai haƙora 36, haƙori ɗaya digiri 10 ne na kamshaf, digiri 20 na karanshaf. An je gyaran digiri uku ko huɗu an zarce da goma sha shida ko sha bakwai, an kuma kusantar da bawul ɗin shigar iska da kan fistin. Maganin gaskiya shi ne gaskit mai kauri da zai mayar da abin da aka cire, ko faifan kamshaf mai saiti wanda ake sassauta ƙusoshinsa a juya shi kaɗan. Masu ɗaura injinan V8 a Amurka sun daɗe da wannan dabara. Kamfanoni irin Cloyes suna sayar da saitin sarƙa da faifan ƙasa mai gurbin maɓalli uku, ɗaya daidai, ɗaya ya kai kamshaf gaba da digiri huɗu, ɗaya ya mayar da shi baya da huɗu. Kuma ba sa yarda da alamar da ke jikin faifai kawai. Suna ɗaura faifan digiri a hancin karanshaf, su nemo ainihin ƙololuwar fistin, su sa agogon awo a kan bawul su ga a wane digiri ya fara buɗewa. Faifan digirin nan ana iya buga shi a takarda a manna a kwali. Agogon awo ɗaya zai yi wa gareji aiki shekaru. Ina ganin duk bakaniken da ke karɓar aikin ƙara ƙarfi a Yelwa ya kamata ya mallake su kafin ya sayi sabon akwatin sifana.

Sakin sarƙa kuwa daga cin ƙarfe yake zuwa. Kowane fil yana juyawa a cikin raminsa, a hankali fil ya rame, rami ya faɗaɗa. Gaɓa ɗaya ba za ka ga komai ba, amma idan gaɓoɓi kusan ɗari suka tara nasu, tsawo ya ƙaru. Shi ya sa cire gaɓa daga tsohuwar sarƙa, abin da ake yi wa babura da yawa a ƙauyuka, ba gyara ba ne. Tazarar fil da fil ta riga ta wuce tazarar haƙora, sarƙar na hawa kan bakin haƙori tana cinye shi. Kamfanoni sun ba da ma'auni. Littafin gyaran Toyota na 22R ya ce a ja sarƙar sosai a auna gaɓa 17, idan ta wuce milimita 147 a yar da ita, kuma a auna a wurare daban-daban domin ba ta ci daidai ko'ina. Kowane inji da nasa adadin. Sarƙar da aka ciro daga inji ɗan Kwatano tana iya zama ta asali mai kyau, tana kuma iya zama wadda ta gama aikinta tun a Turai, awo ne kawai zai raba.

A shago, kwali ba shaida ba ne. Kayan gyara suna zuwa mana ta Ladipo a Legas, da Nnewi, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a dukkansu akwai gangariya akwai jabu, wani lokaci a kwali iri ɗaya. Sunayen da suka yi fice a wannan sana'a sanannu ne: Tsubaki da DID na Japan, Iwis na Jamus, Morse na Amurka. Su ma ana kwaikwayon tambarinsu. Don haka a fito da sarƙar a riƙe ta a hannu. A kwantar da ita ta gefe, a kama bakinta ɗaya a miƙa ta a iska: sabuwa mai kyau kaɗan take sunkuyawa, mai sakakkun fil kuwa sai ta lanƙwasa kamar baka. A duba rola a hasken rana, mai kyau a dunƙule take, ta arha sau da yawa za ka ga layin da aka naɗe farantin aka haɗa bakinsa, kuma ta nan take fashewa. A duba kan fil, a ga an dake su daidai wa daida. A lanƙwasa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, kada a samu mai cijewa. A ƙirga su a kwatanta da tsohuwar. Faifan haƙora kuma a goga masa zarto a gefen haƙori, idan ƙarfen ya sha wuta yadda ya kamata zarto zamewa zai yi, idan ya kama yana ci to faifan ba zai kai ko'ina ba.

Kuma saiti ake saya. Sabuwar sarƙa a kan tsohon faifan da haƙoransa suka yi tsini ba ta daɗewa, haka sabon faifai da tsohuwar sarƙa. Damfar roba da ta shekara goma tana dahuwa a cikin mai mai zafi tana iya kyau a ido, amma ta bushe, ranar da ta karye gutsattsarinta botom filet za su gangara su toshe rariyar famfon mai. Amurkawa sun sha wannan a tsofaffin V8 ɗinsu da aka yi wa haƙoran faifan kamshaf rufin nailan don rage ƙara. Ajasta ita ce ta fi kowa shan raini saboda ƙanƙantarta, alhali a motoci da yawa matsin baƙin mai ne ke tura ta, ta wani ɗan rami da bai fi kan ashana ba. Na sha ganin murfin taimin da aka lafta wa gam har yana tsiyaya ta ciki. Guntun gam ɗaya ya shiga ramin nan, ajasta ta daina turawa, sabuwar sarƙa ta fara kaɗawa tun makon farko, mai mota ya koma yana zagin mai shago.

Baƙin mai shi ne rabin rayuwar sarƙa. Ƙura da toka da ke cikin tsohon mai suna shiga tsakanin fil da raminsa su yi ta gurza. Manyan kamfanoni sun ɗauki abin da muhimmanci har ma'aunin mai na API SP da ya fara aiki a 2020 ya ƙunshi gwaji na musamman kan cin sarƙar taimin. Mu kuwa ga ƙurar hunturu, ga hanyoyin ƙasa na cikin Ngaski da Shanga, ga man da ake aunawa daga durom ba a san asalinsa ba, ga matasa masu cire matatar iska daga babur don ya ƙara kuka. Akwai kuma al'adar zuba mai mai kauri a kowane inji. A 504 babu laifi. A Corolla ko Accord da aka tsara da siririn mai, mai kauri yana jinkirin isa ajasta da safe, kuma ƙarar nan ta 'yan daƙiƙoƙi da ake ji idan an tayar da mota, sarƙa ce ke dukan damfa kafin mai ya iso. Idan ƙarar ta fara daɗewa, ko ta ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, lokacin buɗe murfi ya yi.

A babur abin ya fi saurin bayyana, domin injin ƙarami ne, juyinsa ya fi yawa, man cikinsa kuma bai fi lita ɗaya ba. Ɗan acaɓan da ya sa babban bulok a Boxer ya bar tsohuwar sarƙa da tsohuwar ajasta zai ji shi yana 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani daga gefen silinda. Kuɗin saitin gaba ɗaya bai kai na bawul da fistin da zai saya idan ta tsallake ba, balle idan ta tsallake masa a daji tsakanin ƙauye da ƙauye da yamma ta yi.

Bayan an ɗaura, kafin a sa murfi, a cire filogi a juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku. Idan an ji ya cije a wani wuri kada a tilasta, a koma a duba. Idan ya wuce lafiya, a sake duba alamomin sama da ƙasa sun dawo inda suke, a tabbatar faifan biyu suna kan layi ɗaya, a kuma ga ajasta ba ta fito har ƙarshenta ba, domin ajastar da ta ƙure a kan sabuwar sarƙa tana nuna tof ɗin ya sha aski fiye da kima. Wannan duka bai wuce aikin minti goma sha biyar ba.

Kai mai mota, ranar da za a yi lissafin ɗaura injinka, ka sa kuɗin sarƙa da faifanta da damfa da ajasta a sahun farko tare da fistin, ka tambayi milimita nawa aka cire daga tof ɗinka, kuma ka tsaya a wurin har a juya injin da hannu a gabanka kafin a rufe murfi.